Darasi na 7: Gina Siffar Mazurari a Kwamfuta

Siffar da za mu gina yau ba baƙuwa ba ce. Gindinta da'ira ne, tana tsukewa sannu a hankali har ta ƙare da tsini, kamar jinkar ɗaki. Maƙerin farin ƙarfe yana yanka ta duk lokacin da zai yi mazurari. Amfanin kwamfuta a nan shi ne mutum ya ga kayan a tsaye, ya juya shi ta kowane gefe, tun bai sa almakashi a jikin ƙarfe ba.

Za mu yi aiki da manhajar FreeCAD. Kyauta ce, kuma idan an saka ta a kwamfuta ba ta bukatar intanet. Sunayen maɓallanta da Turanci suke, don haka mun rubuta su yadda za ku gan su a allo.

Kafin ku kunna kwamfuta, ku rubuta awonku a takarda. Namu shi ne: faɗin gindi milimita 120, tsayi milimita 80.

Ku buɗe manhajar, ku danna New. A jerin ɓangarorin aiki da ke sama ku zaɓi Part, sannan ku danna maɓallin Cone. Wata 'yar ƙaramar siffa za ta bayyana, tsayinta milimita 10 kacal, kuma ba ta da tsini. Kada wannan ya dame ku. Ku danna sunanta a gefen hagu, za ku ga guraben lambobi a ƙarƙashin Data.

A nan ne ya kamata ku natsu. Radius1 ba faɗin gindi yake nufi ba, rabin faɗin yake nufi, wato daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta. Tunda faɗinmu 120 ne, 60 za ku rubuta. Wanda ya rubuta 120 zai sami gindi mai faɗin 240, kuma a allo ba zai gane ba, domin siffar za ta fito da kyanta. Sai an yanka ƙarfe asarar take bayyana. Radius2 na saman ne. Ku sa 0 don ya yi tsini. A gurbin Height ku sa 80. Idan siffar ta fi ƙarfin allo, ku danna harafin V sannan F, za ta dawo tsakiya.

Mai sana'a zai tambayi tsawon gangaren, daga tsini zuwa bakin gindi. Ku ninka 60 sau 60, ku sami 3600. Ku ninka 80 sau 80, ku sami 6400. Jimla 10,000, wato 100 sau 100. Ke nan za a buɗe kamfas milimita 100 a zana da'ira a kan ƙarfe, a yanki digiri 216 daga cikin 360 (wato 360 sau 60, a raba da 100), a naɗe.

Abin da muka gina dunƙulalle ne, ruwa ba zai bi ta cikinsa ba. Don ya zama mazurari, ku mayar da Radius1 ya zama 6, Radius2 ya zama 60. Yanzu baki yana sama. Ku ƙara danna Cone, ku ba sabuwar 5 da 59, tsayi 80. Ku danna sunan babbar tukuna, ku riƙe Ctrl ku danna ƙaramar, sannan Cut. Idan kun fara da ƙaramar, aikin ba zai fito ba. Ctrl da Z za su mayar da ku baya. Ku adana aikinku da Ctrl da S.

Aikin gida: ku auna bakin mazurarin da ke gidanku da tsayinsa, ku raba faɗin biyu, ku zo da lambobin a rubuce don mu gina shi a darasi na gaba.