Idan Mai Tausa Za Ta Zo Miki Gida a Gusau

1. Ku gama ciniki tun a waya: nawa ne, minti nawa, kuma kuɗin Keke Napep ɗinta a kan wa yake. Mace ce ke yi wa mace, kuma maigida ya san da zuwanta.

2. Kada ki cika ciki da tuwo ki kwanta. Bari awa 1 ko 2 ta wuce.

3. Shimfiɗa bargo a kan tabarma ko katifa mai tauri, don gado mai lotsawa cinye ƙarfin hannu yake yi. Tanadi zani 2 da tawul. In hunturun Disamba ne, rufe taga, ki ce ta murza man kaɗanyar a tafinta ya narke tukuna. Mai sanyi a gadon baya ba daɗi.

4. Nan ne ba a son kunya. Faɗa mata in kina da juna biyu, hawan jini, ciwon suga, ko an yi miki tiyata kwanan nan. In zazzaɓi kike yi, a ɗage. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta yi zafi tana ciwo, kada a taɓa ta. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, tausa na iya tura shi huhu. Asibiti za ki nufa.

5. Za ta lulluɓe ki da zani, ta buɗe inda take aiki kaɗai. In ta danna ya yi zafi, ce mata "Yaya, sassauta."

6. Da ta gama, tashi a hankali saboda jiri, ki sha ruwa. Jiki kan yi tsami kwana 1 ko 2.