Yadda Ake Gina Tarin Bayanai a Harshen R

Tarin bayanai (stack a Turance) tsari ne wanda abin da aka saka a ƙarshe shi ake fara cirewa, kamar faranti da aka jera wani bisa wani. Harshen R na rubuta manhajar kwamfuta, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland, bai zo da irin wannan tsari a shirye ba, kuma wanda ya so gina shi zai ci karo da wata matsala: idan fankshin (wato guntun umarni da ake kira don ya yi wani aiki) ya canza abin da aka miƙa masa, kwafi yake canzawa, na asali yana nan yadda yake.

Mafita ita ce a ajiye kayan a cikin muhallin wani fankshin, wato wurin da yake ajiye sunaye da abin da suke ɗauke da shi, sannan ƙananan fankshin da ke cikinsa su riƙa taɓa su da alamar `<<-`:

```
sabon_tari <- function() {
  kaya <- list()
  saka <- function(x) kaya[[length(kaya) + 1]] <<- x
  cire <- function() {
    n <- length(kaya)
    if (n == 0) stop("babu komai")
    x <- kaya[[n]]
    kaya[[n]] <<- NULL
    x
  }
  list(saka = saka, cire = cire)
}
```

Bayan `t <- sabon_tari()`, sai a kira `t$saka(5)` ko `t$cire()`, kuma kowane tari yana da kayansa daban.

Alamar `<<-` tana bukatar taka-tsantsan, domin tana hawa muhalli bayan muhalli tana neman sunan abin da ake so a canza, idan kuwa ba ta same shi ba sai ta ƙirƙire shi a babban muhalli, wato wanda ke wajen dukkan fankshin, ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka a tabbata an rubuta `kaya <- list()` tun farko. A kuma lura cewa saka `NULL` ta wannan hanya ba ya ƙara komai a tarin.