Yadda za ka ziyarci Fadar Sarki a Bangkok ba tare da an damfare ka ba

Mutanen da na ga an cuta a Bangkok ba sakarkaru ba ne. 'Yan kasuwa ne da suka iya ciniki, suka ware rana guda don ganin Fadar Sarki da haikalin Wat Phra Kaew da ke cikinta. Duk a wuri ɗaya ake kama su, a bakin titi, tun kafin su kai ƙofa.

Ka fara riƙe wannan: ana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, a daina sayar da tikiti da ƙarfe 3:30 na yamma, kuma baƙo yana biyan baht 500, kuɗin ƙasar Thailand, a tagar tikiti da ke cikin harabar. Ka sa dogon wando da riga mai hannu, don ba a barin mai gajeren wando ya shiga.

Kana tafe gefen farar katangar fadar, sai wani mutum tsaf-tsaf ya tare ka da fara'a, wani lokaci har da kati rataye a wuya. "Yau a rufe take, ana ibada, sai da rana." Ya zaro taswira, ya zagaye maka wasu haikalai da biro, ya ɗaga hannu, sai ga tuk-tuk, irin adaidaita-sahun nan, ya tsaya. Kuɗin yawon bai taka kara ya karya ba, kuma arahar ce tarkon. Direban la'ada yake karɓa a shagunan duwatsun ado da na teloli, can zai yi ta sauke ka ana matsa maka sai ka saya. Kafin ka farga an rufe tagar tikiti da gaske.

Mu da aka raina da kunyar ƙin amsa gaisuwa, a nan ake samun lagonmu. Kada ka tsaya, kada ka yi gardama. Ka ce na gode ƙafarka na tafiya, ka isa ƙofar, gani ya kori ji. Akan rufe ta a wasu ranakun bikin sarauta, amma masu gadin ƙofa ne za su gaya maka.

Ni ban yarda a zo nan a tuk-tuk ba. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka a Sanam Chai, ko jirgin ruwan kogin Chao Phraya zuwa Tha Chang, ya ma fi sauƙin kuɗi. In tasi ce, a kunna mita ko ka sauka. In abu ya ƙwaɓe, kira 'yan sandan masu yawon buɗe ido a 1155.