Rabin Dalar Azurfa ta Amurka: Kurakuran da Ke Karya Mata Daraja

Mafi yawan ɓarnar da ke samun tsohuwar rabin dalar azurfa, mai ita ne ke yi da hannunsa, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum zai gaji tsabar ko ya saye ta wurin masu kayan tarihi, ya ga ta yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ko man goge haƙori, ya dirje ta har ta riƙa ɗaukar ido. Daga nan an gama da ita. Duhun da azurfa ke yi idan ta daɗe, masu tara tsabar kuɗi ba sa kallonsa a matsayin datti, shi ne ma shaidar cewa ba a taɓa fuskarta ba. Dirza tana barin ƙananan zane da ido ba ya gani, amma madubi mai ƙara girma zai tona su nan take. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC ba sa ba tsabar da aka goge cikakkiyar lambar daraja, sai su rubuta cewa an goge ta, farashi kuwa ya zube. Wannan kuskure ba shi da gyara bayan an yi, shi ya sa ya fi ci min rai. In ƙasa ce ta manne, a kurkure da ruwa mai tsabta, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ta bushe da kanta.

Sai masu ɗaukar cewa duk rabin dala azurfa ce. A'a. Wadda aka buga daga 1892 zuwa 1964 kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, nauyinta giram 12.5. Daga 1965 zuwa 1970 aka rage azurfar zuwa kashi 40, nauyin ya koma giram 11.5. Daga 1971 kuwa, wadda ake kashewa a kasuwa jan ƙarfe ne da nikel, nauyinta giram 11.34. Abin da ke ruɗa mutane shi ne hoton Shugaba Kennedy yana kan ta 1964, yana kan ta 1968, yana kan ta 1972, duk fuska ɗaya. A duba shekara, sannan a juya gefenta. In aka ga jan layi ya zagaye tsakiyar gefen ƙarara, babu azurfa a ciki.

Tsufa ma ba shi ne ke kawo tsada ba, ƙaranci ne. Ta Kennedy ta 1964 an buga fiye da miliyan 400, kuma Amurkawa sun yi ta ɓoye ta don tunawa da shugaban da aka kashe a 1963, saboda haka tana nan birjik, yawanci kuɗin azurfarta kawai ake biya. A gwada ta da samfurin Walking Liberty, mai hoton mace tana tafiya wajen fitowar rana, wanda aka buga daga 1916 zuwa 1947. Ta 1921 da aka buga a Denba guda 208,000 ne kacal, ta 1938 daga can kuma 491,600. Bambancin yana cikin ɗan harafi guda mai nuna garin da aka buga ta, wanda mutane ke tsallakewa: D na Denba, S na San Faransisko, babu harafi kuwa Filadelfiya ce. A wannan samfurin harafin yana baya, ƙasa ta hagu kusa da baki, amma a 1916 da farkon 1917 a gaba aka sa shi. A samfurin Franklin na 1948 zuwa 1963 yana saman hoton ƙararrawar da ke bayan tsabar. Mu da muka san liyari bai kamata shekara ta ruɗe mu ba: duk wanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar Mariya Tereza, sarauniyar Austriya da hotonta ke kansa, 1780 ne a jikinsa, ko da an ƙera shi bayan shekara ɗari.

Inda akwai tsada akwai jabu. Mutane da yawa suna kara maganaɗisu, in bai kama ba su ce ta gaskiya ce. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, haka ne, amma ba ya kama jan ƙarfe ko dalma ma. Abin dogaro shi ne ƙaramin sikeli na masu sayar da zinare, da awon faɗi, milimita 30.6. Wadda ta sha hannu za ta ɗan ragu kaɗan, amma ba da giram guda ba. Akwai kuma masu liƙa harafin D a kan tsabar gaske ta Filadelfiya don ta zama mai ƙaranci. Sikeli ba zai kama wannan ba. Duk tsabar da ake neman kuɗi mai nauyi a kanta, kada a biya sai tana cikin akwatin kamfanin tantancewa, kuma an duba lambar akwatin a shafin kamfanin.

Wajen farashi, kuskuren shi ne ganin abin da wani ya rubuta a eBay, kasuwar intanet, sai a ce ai tawa ma haka take. Sallamawa ce farashi, ba abin da mai kaya ya yanka ba, don haka a nemi waɗanda aka riga aka sayar. Kuma a kwatanta da mai irin lafiyar taka, domin ana auna tsabar kuɗi da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, kuma wadda zanenta ya shafe ba za ta taɓa kamo wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Mafi ƙarancin kuɗinta yana da sauƙin lissafi: mai kashi 90 tana ɗauke da giram 11.25 na tsantsar azurfa, wato kusan 0.36 na oza mai giram 31.1. A ninka da farashin azurfa na ranar.

Ajiya kuma, a riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau fuska. A guji ledar roba mai laushi ta PVC, domin tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe, musamman da damina. Kada a zuba su wuri ɗaya a gwangwani suna gugar juna. Kafin a kai wa maƙerin farfaru ya huda ta don sarƙa ko ya narkar da ita zobe, a fara duba shekarar da harafin.