Yadda Za Ka Yi Facin Tayar Keke da Kanka

1. Kifa keken. Sa bayan cokali ka ɓamɓare gefe ɗaya na tayar, ka zaro tiyub. Guji sukuddireba, yana ƙara wata huda.

2. Ba tiyub ɗin iska, ka tsoma a bahon ruwa. Inda kumfa ke tasowa, nan hudar take.

3. Tsane wurin, ka goge da samfefa, ka shafa sholisho kaɗan. Nan mutane ke garaje. Bari ya sha iska kamar minti 5, sai ya daina sheƙi, sannan ka ɗora facin ka danne sosai.

4. Laluba cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale.

5. Mayar da tiyub ta wajen bawul, ka mayar da gefen tayar da ka ɓamɓare, sannan ka buga iska.