Yadda Za Ka Lissafa Kuɗin Mamaya Kafin A Ruɗe Ka

Idan ka ji wata gwamnati ta ce za ta shiga ƙasar wasu da soja, ta gyara, ta fice cikin 'yan watanni, ɗauki biro da takarda. Ni dai na fi yarda da wannan lissafi a kan jawabin kowane minista.

Fara da yawan jama'a. Masana tsaro suna da wani ma'auni: jami'in tsaro 20 ga kowane mutum 1,000, in ana so kasuwa ta ci, mutane su yi barci da ido biyu rufe. A 2003 Iraƙi tana da mutum wajen miliyan 25, ka ga ana bukatar 500,000 ke nan. Amurka ta riƙe ƙasar da wajen 150,000. Tun a Fabrairu, kafin a fara yaƙin, Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka a lokacin, ya gaya wa majalisar dattawa cewa sai an kai dubban ɗaruruwa, manyan ma'aikatar tsaro suka ce ya zuzuta. Afrilu na yi aka wawashe ma'aikatu da gidan tarihin Bagadaza, alhali yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ɗora wa mai mamaya nauyin tsare doka da oda.

Daga nan ka tambaya: wa zai biya albashi a ƙarshen wata? Nan nake so ka tsaya sosai, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Ranar 23 ga Mayu, 2003, Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe mulkin Iraƙi, ya sa hannu ya rusa rundunar sojan Iraƙi, mutum kusan 400,000. Mako guda kafin nan ya sallami manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath ta Saddam Hussein, har da dubban malaman makaranta. Dubi magidanci guda a cikinsu: ya iya bindiga, ya san inda rumbun makamai yake, ya koma gida hannu Rabbana, yara suna kallonsa. Albashinsa bai kai kuɗin yaƙar sa ba. A Japan kuwa, wadda Amurka ta mamaye daga 1945 zuwa 1952, Janar MacArthur, da ya jagoranci mamayar har 1951, ya bar sarki a kujerarsa, ya bar ma'aikatu suna aiki, umarni yana bi ta hannunsu. Saboda haka ka rubuta albashin ɗan sanda, da malami, da mai gyaran wuta, na shekaru.

Kada yawan kuɗin gini ya burge ka. Shirin Marshall na 1948, tallafin da Amurka ta bayar don sake gina Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai wajen dala biliyan 13 ga ƙasashe 16, ya kuma yi tasiri domin Turai tana da injiniyoyinta, da kotuna, da masu karɓar haraji. A Afganistan Amurka ta ware wajen dala biliyan 145 don sake gina ƙasa, amma gwamnatin Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta, 2021. Duk asibitin da aka ce za a gina, ka tambayi wanda zai sayi magani da man janareta bayan baƙi sun tafi. In ba amsa, sa kuɗin a layin asara.

Layin ƙarshe na shekaru ne. Yaƙin Bosniya ya ƙare a 1995, har yau ana tonon nakiyoyi a gonaki. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, amma sai a 2020 aka daina biyan fanshonsa, da 'yar wani tsohon soja ta rasu. Ka buɗe wa jinyar nakasassu, da marayu, da ruwan bashin da aka ci don yaƙin shafi na daban, ka ja shi aƙalla shekara 50.