Zaɓen Fandeshan Idan Shekaru Sun Ja, Fata Kuma Ba Ta Son Wahala

1. Hajiya, fandeshan shi ne abin kwalliyar da ake shafawa don daidaita launin fuska; nemi mai ruwa-ruwa wanda babu turare a ciki. Busasshiyar hoda kwanciya take cikin tamoji ta ƙara fito da su, balle da hunturu.

2. Shafa kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana 2. In kin ji ƙaiƙayi ko ƙuraje sun feso, ajiye shi.

3. Ɗauki kala 3 mafi kusa da fatarki, ki ja layi a muƙamuƙi. Bayan hannu yaudara yake, launinsa daban da na fuska.

4. Fita waje cikin hasken rana da madubi, kada ki yarda da fitilar shago. Jira minti 15, domin wasu sukan ƙara duhu bayan sun sha iska.

5. Ɗauki wanda ya saje da wuyanki. Don Allah kada ki zaɓi mai haske, fuska toka-toka take komawa.